Karen Ruwa Da Sil: Wanne Ne Namu?

Da yawa daga cikinmu 'yan makarantar Gonin Gora mun sha ganin bidiyo a waya na wata dabba mai gashin baki da sulɓin jiki, tana iyo tana cin kifi. Nan take gardama kan kaure: wannan ya ce karen ruwa ne, wancan ya ce ayu ne. Sau da yawa duk an yi kuskure, domin dabbar sil ce, wadda ba ta zama a kogunan Najeriya. To, yaya za mu bambanta su?

Mu fara da ƙafa. Karen ruwa yana da ƙafafu huɗu sosai, yana gudu a tudu kamar sauran namun daji. Ita kuwa sil, ƙafafunta sun zama faffaɗa kamar filafilin tuƙa kwalekwale. Wasu nau'o'inta ma da ciki suke jan jiki idan sun fito gaɓa.

Sai wutsiya. Ta karen ruwa doguwa ce mai kauri, da ita yake sarrafa kansa a ruwa. Ta sil ɗan guntu ce, da ƙyar ake ganinta.

Na uku, maganin sanyi. Karen ruwa ya dogara da gashi mai cunkoso da ke riƙe iska, shi ya sa kullum yake gyara shi. Sil tana da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, wanda ke ba ta damar zama cikin teku mai tsananin sanyi.

Haka ma girma. Babban karen ruwan Afirka yakan kai kilo 10 zuwa 20. Namijin sil mafi girma, mai hanci kamar na giwa, yakan haura kilo 3,000, kuma yana iya nutso na fiye da awa ɗaya. Karen ruwa 'yan mintuna kawai yake yi ya ɗago.

A wajen dangi, karen ruwa ɗan gidan su bodari ne. Ayu kuma daban yake da su duka: ciyawa yake ci, yana zaune a kogunan Neja da Binuwai, kuma danginsa na kusa giwa ce.

A ina ake samun sil a Afirka? Dubun-dubatarsu na taruwa a gaɓar tekun Namibiya da Afirka ta Kudu. Mafi kusa da mu su ne 'yan ɗaruruwan da suka rage a gaɓar Muritaniya, kusa da Nuwadibu.

Karen ruwa kuwa namu ne. Najeriya na da nau'i biyu: mai ɗigo-ɗigo a wuya, gwanin kamun kifi, da marar farce, wanda ke laluben ƙaguwa da kwaɗi a ƙarƙashin duwatsu da yatsunsa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya duka biyun cikin dabbobin da ke dab da shiga haɗari.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Karen ruwa yana buƙatar ruwa mai tsabta, da kifi, da duhuwar bishiyoyi a gaɓa inda zai ɓuya ya haihu. Idan aka zuba guba irin gamalin don kamun kifi, ko aka cika rafi da leda da baƙin mai, ko aka sare itatuwan gaɓa, abincinsa da gidansa sun tafi. Mu tuna, sunan Kaduna daga kadduna ya samo asali, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin kada a kogin? Kuma sharar da muke jefawa a kwata a Gonin Gora, ruwan damina ne ke kwasarta zuwa Romi, daga nan sai Kogin Kaduna, har ta dangana da Neja.

Ga aikin gida. Ku tambayi kakanninku ko wani dattijon masunci ko ya taɓa ganin karen ruwa, a wane rafi, a wace shekara, da kuma sunansa a harshenku na gida. Ku rubuta amsar ku kai wa malamin kimiyya kafin Larabar ƙarshe ta watan Mayu, ranar karen ruwa ta duniya.