Jamusawa Sun Mai Da Koginsu Wurin Shaƙatawa, Kwara Kuwa Tana Jiran Masu Kallo

A Kan Gada ta Anaca ba a rasa mutumin da ya shekara 20 yana sauke albasa da wake daga manyan motoci, kullum kogi yana gabansa, amma in an tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a bakin ruwan nan don kallo kawai, sai ya yi dariya ya ce ai shi nema ya kawo shi Kudu. Irinsa suna da yawa a Diobu ta Fatakwal da Gariki ta Inugu. Hanya ɗaya suka sani, watau daga masauki zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci, in Salla ta matso kuma a hau mota a nufi gida. Ranar da ƙarfi ya ƙare aka koma Arewa, jikoki su taru su ce Baba ba mu labarin Kudu, sai a ga babu labari sai na ciniki. Wannan hasara ce, domin kuwa garuruwan da ke bakin kogin nan cike suke da tarihin da ya shafi ɗan Arewa kai tsaye.

Yadda Jamusawa suke yi

A ƙasar Jamus akwai wani kogi da ake kira Rayin, wanda ya taso daga duwatsun Suwizalan ya faɗa teku a Holan. Tsawonsa wajen mil 760 ne, bai ko kai sulusin Kwara ba, wadda take da wajen mil 2,600. Amma tsakanin garin Bingen da garin Koblenz, tafiyar mil 40 kacal, kogin ya ratsa wani kwari mai zurfi inda ake ƙirga tsofaffin gidajen sarauta masu ganuwa wajen 40 a bisa duwatsu, ga gonakin inabi hawa-hawa a jikin tuddai. A 2002 hukumar UNESCO ta sa wannan kwari cikin jerin kayan tarihin duniya.

Waɗannan gidaje kuwa ba don ado aka gina su ba. Masu su sarakuna ne da ke tare jiragen fatake suna karɓar kuɗin fito. A garin Kaub har a tsakiyar ruwa aka gina wani wajen 1327, ana ja sarƙa a datse hanya, jirgi ba ya wucewa sai ya biya. Yau zalunci ya wuce, gini ya saura, jikokin waɗanda aka tatsa su ne ke sayen tikiti su shiga kallo.

Dokar Jamus ta ba kowane ma'aikaci hutun akalla mako 4 a shekara da albashinsa. In bazararsu ta zo, sai mutum ya ɗauki iyalinsa su shiga jirgin ruwa mai bene, wanda ke tashi a kan lokaci yana tsayawa gari-gari, su sauka inda suka ga dama su ci abinci, su koma ta jirgin ƙasa, gama akwai dogo a kowace gaɓa. Suna wuce dutsen Loreley mai tsawon ƙafa 430, inda kogin ya matse, wurin da ya ci jirage da yawa a zamanin da. A Koblenz kuma kogin Mosel ya haɗu da Rayin, aka gyara bakin mahaɗar, aka kafa gunkin sarkinsu Wilhelm na Ɗaya a 1897. Yaƙi ya rushe shi a 1945, suka sake kafa shi a 1993, sa'an nan a 2010 suka ja wata igiyar ƙarfe mai ɗauke da ƙananan ɗakuna, tana haye da mutane ta bisa ruwa zuwa ganuwar da ke ƙetare. Da wannan kallo ne masu masauki da masu abinci da matuƙa jirage na garuruwan nan suke ci da iyalinsu.

Bahaushen da ya riga kowa

Kada mai karatu ya ɗauka kallon ƙasar Jamus sai Bature. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, a cikin watan Yuni na shekarar kuma ya isa bakin Binuwai kusa da Yola. Da zai koma gida a 1855 sai ya tafi da samari biyu da aka 'yanta daga bauta, watau Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Suka ga London, suka ga Hambug da ke bakin kogin Elbe, suka ga Balin. Dorugu ya ba da labarin abin da idonsa ya gani da Hausa, wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo, ya rasu a Kano a 1912. Abbega kuwa Lakwaja ya zauna, har ya yi sarautar garin daga 1896 zuwa 1904.

Lakwaja, inda ruwa biyu suka gamu

Abin da Koblenz take ga Jamusawa, shi Lakwaja take ga Nijeriya, sai dai ruwan nan ya ninka nasu. Labarin da Barth ya aika game da Binuwai shi ya sa Ingila ta turo jirgin Pleiad a 1854 a ƙarƙashin Likita Baikie, wanda ya riƙa ba mutanensa kwinin, aka je aka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Daga baya Baikie ya kafa zango a Lakwaja. A nan ne ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya kama mulkin Arewa.

Wanda ya hau Dutsen Patti zai hango Kwara da Binuwai sun taho kowa da launin ruwansa kafin su gauraya. A kan dutsen akwai ɗan gidan hutun Lugga. Amma abin da ya fi kamata ɗan Arewa ya nema yana cikin gari, wajen unguwar Kabawa, watau kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Akwai Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka kama a 1903, ya rasu a 1926. Akwai Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai waƙoƙin nan, wanda ya rasu a 1924. Motocin Kano da Zariya suna ratsa Lakwaja dare da rana, fasinja su sauka su ci kifi su yi salla su wuce, kaɗan ne suke sanin cewa sarakunansu suna kwance kusa da su suna bukatar addu'a.

Anaca da Asaba

Mazaunin Anaca ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa. Tsohuwar gada, wadda kamfanin Dumez na Faransa ya gama a ƙarshen 1965, tsawonta wajen ƙafa 4,600 ne, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya buɗe ta a farkon Janairu 1966, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. An karya ta a yaƙin basasa a 1967, aka gyara bayan yaƙi. Sabuwar gada mai tsawon mil ɗaya, wadda ke can ƙasa da ita, kamfanin Julius Berger mai asali da Jamus ne ya gina, aka buɗe ta a watan Mayu 2023.

Da an haye sai Asaba, wadda ta zama hedkwatar kamfanin Royal Niger daga 1886 zuwa 1900. Gidan katako na kamfanin yana nan, ana kiransa Gidan Mungo Park. A bakin ruwa kuma akwai wurin tunawa da Richard Lander da ƙanensa John, waɗanda suka biyo kogin cikin kwalekwale daga Busa a 1830 har suka tabbatar wa Turai cewa Kwara teku take faɗawa. Kusa da nan aka kama su aka kai su wurin Obi Ossai, sarkin Aboh, wanda shi da Attah na Idah suke riƙe da cinikin kogin kamar yadda sarakunan Rayin suka riƙe nasu. Tafintan da ya raka su dattijon Bahaushe ne, Abubakar, wanda Turawa suke kira Pasko.

A gabas da Anaca kuma akwai kogon Ogbunike, inda ake gangara matakala sama da 300 kafin a kai bakinsa, baƙo kuma sai ya tuɓe takalmi bisa al'adar masu wurin. A watan Oktoba ne Obi na Anaca yake bikin Ofala, ya fito da hakimansa cikin manyan huluna masu gashin tsuntsu. Wanda ya saba da hawan Salla zai gane abin da ake nufi.

Inugu da Fatakwal

Gawayin ƙasa da aka gano a tuddan Udi a 1909 shi ya haifi garuruwan nan biyu. Don a fitar da shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal wajen 1913, dogo kuma ya haɗa su a 1916. Mutumin Inugu yana iya hawa tudun Milliken ya hango gari duka a ƙasa, ya leƙa Iva Valley inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan gawayi 21 ran 18 ga Nuwamba 1949, ya je dajin Ngwo ko magangarar ruwa ta Awhum. Ya kuma gaya wa 'ya'yansa cewa magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta ɗora shi.

Daga Fatakwal ana zuwa tsibirin Bonny, ko Opobo, garin da Sarki Jaja ya kafa a 1870. Turawa sun yaudare shi a 1887 suka kai shi tsibiran West Indies, ya rasu a hanyar dawowa a 1891. Wanda ya tsaya gaban gunkin Jaja, ya kuma taɓa tsayawa kan kabarin Alu Babba, ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa sanda ɗaya ce ta doki Kudu da Arewa.

Abin da ya rage, da abin kiyayewa

Gaskiya ita ce abin da Jamusawa suka fi Nijeriya da shi gyara ne da tsari. An gina tashar jiragen ruwa ta Anaca zamanin Shugaba Shagari, aka sake gyara ta a 2012. Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, hedkwatarta a Lakwaja take. Duk da haka mai son zuwa Idah ko Lakwaja daga Anaca mota yake nema, kogin kuwa an bar wa masu kwalekwale da masu ɗibar yashi.

Saboda haka sai an yi hattara. Ran 7 ga Oktoba 2022, lokacin ambaliya, wani jirgi ya kife a Ogbaru kusa da Anaca, aka ba da rahoton mutuwar mutum 76. A 2012 da 2022 ruwa ya datse hanyar Lakwaja har motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ko Jamus da duk tsarinta, ambaliyar kwarin Ahr ta kashe fiye da mutum 130 a 2021. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya. Kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada a shiga ba tare da rigar hana nitsewa ba, kada kuma a yi tafiyar ruwa bayan magariba. Hanyar Bonny ta sha fama da 'yan fashin ruwa, a watan Agusta 2021 kuma aka fara tilasta zaman gida ran Litinin a garuruwan Gabas. Don haka kafin a tashi a tambayi Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa halin da hanya take ciki, a tafi cikin ƙungiya, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a nemi izini kafin a ɗauki hoto a fada ko wurin ibadar mutane.

Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da 'yan doya sun saba tara kuɗi don biki da jana'iza. In suka ware na mota guda a shekara, kashegarin Salla a ɗebi 'yan makarantar Islamiyya a kai su Asaba da safe a dawo kafin la'asar, ko a kwana ɗaya a Lakwaja a ziyarci kaburburan sarakuna, ba wani abu zai ragu a jari ba. Yaran da aka haifa a Kudu za su san ƙasar da suka tashi a cikinta, su kuma san cewa kakanninsu sun bi ruwan nan tun kafin a kafa gada. Hausawa dai sun ce na zaune bai ga gari ba. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.