Makanikai Biyu da Suka Kai Jirgi Ostireliya

A shekarar 1919 gwamnatin Ostireliya ta yi shelar kyautar fam 10,000 ga 'yan ƙasarta da suka fara tuƙa jirgin sama daga Ingila zuwa gida cikin kwana 30. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Ross Smith da Keith Smith, suka tashi daga filin Hounslow kusa da Landan ran 12 ga Nuwamba, suka sauka Darwin ran 10 ga Disamba, bayan sun ci tafiyar kusan kilomita 18,000. To, amma da ba don makanikansu biyu ba, watau Jim Bennett da Wally Shiers, da jirgin bai kai ko'ina ba.

Jirgin ƙirar Vickers Vimy ne, mai injin Rolls-Royce biyu. Fukafukansa katako ne aka lulluɓe da yadi, farfelolinsa ma na katako ne. A yawancin wuraren da suka sauka babu garejin jirgi, babu kayan gyara. Saboda haka da zarar an sauka, makanikan nan sai su duƙufa a kan injuna, sau da yawa har cikin dare.

A garin Singora na ƙasar Siyam, wadda yanzu ake kira Tailan, kututturen itace ya karya sandar da ke tallafe wutsiyar jirgin a ƙasa. Bennett ya nemi injin sassaƙa ƙarfe a wata masana'antar casar shinkafa, ya yi gyaran a can.

Gyaran da ya fi ban mamaki kuwa shi ne na farfela. Tun a Kalkata ta Indiya shaho ya bugi ɗaya daga cikinsu sa'ad da jirgin ke tashi. Bayan sun bar Darwin sun nufi kudu, sai ta tsage a tsakiyar daji, ga tsananin zafi. Bennett ya cike tsagar da guntayen katakon akwati, ya shafa gam, ya ɗaure da yankan kwanon rufi. Sa'an nan ya yi wa reshen da ke daura da shi irin wannan ɗauri, ko da yake lafiyarsa lau.

Ko me ya sa? Abin da ke juyawa da sauri, in gefe guda ya fi nauyi, yakan fizgi sandar da ke riƙe da shi. In saurin juyi ya ninka biyu, ƙarfin fizgar kan ninka huɗu. Ɗalibi na iya ganin haka a fankar ɗaki wadda reshenta guda ya lanƙwashe, yadda takan yi ta jijjiga. A jirgin sama irin wannan jijjiga tana iya ɓalle inji daga mazauninsa.

Sarkin Ingila ya ba matuƙan biyu sarautar "Sir", makanikan ba su samu ba. Amma kuɗin kyautar an raba shi kashi huɗu daidai wa daida. Jirgin kuwa yana nan ajiye a filin jirgin saman Adelaide.