Ko Ka Sani? Funfunar da Ake Yaƙar Funfuna da Ita

Daga cikin cututtukan funfuna da ke addabar amfanin gona, wadda ta fi haɗari ga mai ci ita ce wadda masana ke kira Aspergillus flavus, wata funfuna mai launin kore da ɗorawa da ke zaune cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara tun suna gona, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu ko a buhu matuƙar akwai danshi da ɗumi. Ɓarnarta ba ta tsaya ga ruɓar da ƙwaya ba, domin tana fitar da wata guba mai suna afulatoksin, wadda dafuwa da suya ba sa kashe ta, shi ya sa takan bi gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza, ta kuma bi dusar da aka ba saniya har cikin madararta.

An gano gubar ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil. A 2004 kuwa mutane 125 suka rasu a gabashin Kenya bayan sun ci masarar da gubar ta yi wa yawa. Amma illar da ta fi yawa ita ce ta sannu a hankali, wato ciwon dajin hanta, musamman ga masu ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma bincike ya danganta gubar da tsumburewar yara.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda aka samo maganin funfunar daga cikin danginta. Ba kowane iri na wannan funfuna ne ke fitar da guba ba, saboda haka Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan, tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka, ta zaɓo iri huɗu marasa guba daga ƙasar Nijeriya, aka shafa su a jikin dawar da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi domin kada a ɗauke ta a matsayin abinci, aka raɗa mata suna Aflasafe. Manomi yakan watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, marasa gubar su riga masu gubar kama wuri, har gubar ta ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

Duk da haka, wannan dabara ba ta ɗauke wa manomi aikinsa ba. Ɗaukewar ruwa a ƙarshen damina na raunana gyaɗa, ƙwari da fartanya kuma na fasa kwasfa su buɗe wa cutar ƙofa, don haka shuka da wuri da cirewa a kan kari suna da muhimmanci. Shanya a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, da busarwa sosai kafin a zuba a buhu, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, duk suna rage gubar. Babban abin takaici shi ne al'adar tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar motsattsiya da mai baƙi-baƙi ga yara da kaji, alhali a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi ne mafi yawan gubar take taruwa.