Ruwan shawa na tsiyaya kamar hawaye? Ga abin dubawa kafin a saka injin ƙara ƙarfi

A yawancin sababbin gidaje na Jangebe, Talata Mafara, Bakura da Maradun, za ki tarar da baƙin tanki a kan ƙarfe da shawa a banɗaki. Amma da yawa daga cikin waɗannan shawa ado ne kawai. A murɗa famfo, ruwa ya riƙa zirara kamar an huda leda, ga yara uku ko huɗu suna jiran wanka ƙarfe bakwai ta gabato. Ƙarshenta uwargida ta koma ga bokiti da moɗa.

Da an yi ƙorafi, shawarar farko ita ce a sayo ɗan injin da ke tura ruwa daga tanki zuwa banɗaki. Injin na aiki, babu shakka. Sai dai shi ya kamata ya zama mataki na ƙarshe, domin yana zuwa da kuɗin wuta, da ƙarin shan ruwa, da haɗarin da ya shafi ran yaranki idan aka saka shi da ganganci.

Tsawo ne ke ba ruwa ƙarfi

Girman tanki ba ya ƙara wa ruwa ƙarfi, tsawon inda aka ɗora shi ne ke ƙarawa. Masana na auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da suke kira ba, kuma sai ruwa ya gangaro daga tsawon mita 10 kafin ya ba da ba ɗaya. Idan gindin tankinki na mita 3 daga ƙasa, kan shawa kuma na mita 2, to tazarar mita ɗaya ce kacal ke tura ruwan da zarar tanki ya kusa ƙarewa. Shi ya sa famfon tsakar gida da ke ƙasa-ƙasa ke zuba da ƙarfi, shawa kuwa tana kuka.

Mutanen wannan yanki suna da darasi a kusa da su. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an tsara ta ne don ba gonaki kimanin hekta 23,000 ruwa. Wani sashe an bar ruwa ya gangara da kansa ta magudanai, sashe mafi girma kuma aka dogara da injuna masu feshi. Zuwa shekarar 2003 ɓangaren feshin ya daina aiki, amma magudanan gangare suka ci gaba da ciyar da manoman shinkafa. Abin da ke gangarowa da kansa ba ya jiran wuta, ba ya jiran kayan gyara. Haka abin yake a cikin gida.

Gwaji huɗu kafin a kashe kuɗi

Na farko, ki tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, ki duba agogon wayarki. Idan ya cika cikin minti ɗaya da rabi, ruwanki ya isa wanka, ba kya buƙatar inji.

Na biyu, a kwance kan shawar a sake gwadawa. Idan ruwa ya fito da ƙarfi daga bututu, to hujojin kan ne suka toshe da yashi ko farin dattin da ruwan rijiyar burtsatse ke bari. A jiƙa shi cikin ruwan kal ko ruwan lemon tsami ya kwana, a goge da tsohon buroshin haƙori. Sau da yawa matsalar ke nan.

Na uku, mai gyaran famfo ya duba kaurin bututu. Wasu magina, don rage kuɗi, suna janyo ruwa tun daga tanki da bututun rabin inci, ga kwana-kwana da yawa. Sauya babban layin da mai inci ɗaya yana kawo bambancin da za ki gani da idonki. Ya kuma duba ko iska ta shiga layin, abin da kan faru duk lokacin da tanki ya ƙafe.

Na huɗu, a duba yiwuwar ɗaga tankin. Amma a nan a kiyaye: lita 1,000 na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne. Kada a yi wa tsohon ƙarfe ƙari da walda ta jeka-na-yi-ka a tsakar gidan da yara ke wasa.

Idan babu makawa sai inji

Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai ƙarami mai cin wuta wajen wat 100, wanda ake ɗaurawa a kan bututun banɗaki ɗaya. Yana tashi da kansa idan an buɗe famfo, ya mutu idan an rufe, kuma ƙaramar sola da inbata kan iya ɗaukarsa. Akwai kuma mai wat 370 da ke tura wa gida duka. Ga shawa ɗaya ko biyu, ƙaramin ya wadatar.

Ki tabbata maigida ya tsaya a kan mai aiki ya cika waɗannan:

A saka injin a wajen banɗaki, cikin inuwa, inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba. Soket da makunni ma su kasance a waje, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mai gyaran wuta ne zai haɗa wutar, ba mai famfo ba. A haɗa wayar ƙasa, a kuma saka na'urar RCD mai lamba 30mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa. Jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi ba sa jure wutar da busasshen hannu zai ji kamar tsunguli. Duk ranar da wani ya ce famfo ya ɗan ja shi, a kashe injin, kada kowa ya shiga wanka sai an duba.

A saka matata kafin injin don tare yashi, a kuma yi wa ruwa hanyar kewaye, yadda idan aka ɗauke wuta zai ci gaba da gangarowa kamar da.

Kada injin ya yi aiki tanki ba ruwa. Mintuna kaɗan sun isa su ƙona shi.

Daga tanki kawai zai ja. Haɗa inji kai tsaye da layin ruwan gwamnati yana ƙwace rabon maƙwabta, yana kuma zuƙo ruwan kwata ta duk inda bututu ya tsage. A annobar kwalara ta 2021, wadda alƙaluman hukumar NCDC suka nuna ana zargin ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, Zamfara na cikin jihohi huɗu da suka fi yawan masu cutar. Ba abin wasa ba ne.

Lissafin da ake mantawa

Shawa mai inji na iya zubar da lita 10 a minti ɗaya. Yaro ya yi minti 10 yana wasa da kumfa, lita 100 ta tafi, wato jarka huɗu mai lita 25, alhali bokiti ɗaya ya ishe shi a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanki da wanka gaba ɗaya. Gida mai mutum takwas zai iya ƙarar da tankin lita 1,000 kafin azahar. Idan daga 'yan ga-ruwa kike saye, ko da fetur ake jawo ruwan, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da rijiyoyi ke ja baya, aljihu zai ji a jikinsa.

Don haka ki koya wa yara su jiƙa jiki, su rufe famfo, su saɓa sabulu, sannan su buɗe su ɗauraye. A lokacin bazara kuma, ki fara tara hannunki kafin ki saka jariri ko ƙaramin yaro, domin ruwan da ya wuni cikin baƙin tanki da bututu a rana yana fitowa da zafi sosai.

Bayan an saka injin, ki kasa kunne da dare. Idan kin ji yana tashi yana mutuwa alhali babu mai amfani da ruwa, akwai inda ke yoyo, galibi tsohuwar mahaɗar bututu ko tankin masai. A gyara da wuri, kafin danshi ya ci gindin bango.