Tafkin Chadi a Harshe da Al'adun Mazauna Gaɓarsa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san cewa harshen yana cikin iyalin harsunan Chadi, rabon da Greenberg ya tabbatar a 1963. Sai dai ba kasafai manazarta kan waiwayi tafkin da iyalin ya ari sunansa ba. Wannan maƙala za ta dubi matsayinsa a idon waɗanda ke zaune a gaɓarsa da tsibiransa.

2.0 Suna

Kalmar "Chadi" daga Barbarci ta fito, ma'anarta kuwa ruwa mai faɗi. Abin lura a nan shi ne, Barbarci ba ya cikin harsunan Chadi. Ɗan gidan Nilo-Sahara ne. Ke nan harshen da ba dangi ba shi ya raɗa wa dangin suna. Haka abin yake ga mutanen tsibirai. Barebari ne suka kira su Buduma, wato mutanen ciyawa, su kuwa Yedina suke ce wa kansu, kuma harshensu, kamar na Kotoko, ɗan uwan Hausa ne na nesa.

3.0 Tafki da Imani

Ga Yedina, tafki gida ne kuma garkuwa. Sun daɗe a tsibirai ba su miƙa wuya ga sarakunan Barno ba, kuma Musulunci bai game su ba sai a ƙarni na 20, alhali Kanem ta karɓe shi tun ƙarni na 11. Wannan tazara ta sa tsohon imaninsu ya jima: sun ɗauki ruwan a matsayin mazaunin iskoki, waɗanda ake neman yardarsu da yanka. Ruwayarsu ta asali ma tana danganta su da Sao, mutanen da almara ta siffanta da ƙattai. Sao ba tatsuniya ba ne zalla, domin Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da su a ƙarni na 16, kuma an tono gumakansu na yumɓu a kudancin tafkin. Kotoko na cewa su ne magadansu.

Dukiyar Yedina kuwa shanun Kuri ne, masu kumburarren ƙaho, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo, masu su na biye a kwalekwalen ciyawa. Da su ake biyan sadaki, da su ake auna darajar mutum.

4.0 Janyewar Ruwa

Bahaushe ya san tafkin ta hanyar fatauci: kanwa ungurnu da bandar kifin Baga. Ruwan ƙasar Hausa ma yana isa can, domin kogunan Haɗejiya da Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, ko da yake kogin Shari ne ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari.

A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka mai da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tsibirai da dama suka haɗe da tudu, manoma da masunta baƙi, ciki har da Hausawa, suka kwararo. Daga bisani rikicin Boko Haram, musamman bayan harin Baga na 2015, ya tarwatsa dubban mazauna tsibirai zuwa sansanoni. Yaron da ya tashi a sansani, yana jin Barbarci da Hausa dare da rana, da wuya ya riƙe sunayen kifaye da ciyayin ruwa da kakansa ya sani, kuma waɗannan kalmomi ne ya kamata masu nazarin harsunan Chadi su gaggauta tattarawa daga bakin tsofaffi.