Yadda Wayar Hannu Ke Zaɓen Tasha Idan Na'urorin Wi-Fi Na Ɗauke Da Suna Ɗaya

KAJURU — Tun daga ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, ciniki ya ƙara karkata ga tura kuɗi ta waya, daga Kasuwan Magani har zuwa rumbunan citta na Kachia da Kafanchan. Wannan ya sa masu otal da makarantu da manyan shaguna ke kafa na'urar Wi-Fi fiye da ɗaya a harabarsu, su laƙaba musu suna ɗaya. Sai dai akwai wata matsala da kan biyo baya: mai saye yana tsaye a gindin na'urar, wayarsa ta nuna ta haɗu, amma kuɗin sun ƙi tafiya.

Dalilin kafa na'urori da yawa dai shi ne bango. Siginar Wi-Fi na raunana duk lokacin da ta ratsa siminti ko ƙarfe ko dutse. Alal misali, gini irin fadar nan ta dutse da wani Bajamushe ya gina a kan tsaunin Kajuru a shekarun 1980, na'ura guda ba za ta iya wadatar da shi ba, kome tsadarta. Haka abin yake, ko da bai kai nan ba, a otal mai hawa biyu ko sito mai cike da buhuna.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, sunan da yake gani a fuskar waya, wanda masana ke kira SSID, na tsarin ne baki ɗaya. Kowace tasha kuma tana da lambarta ta daban mai alamomi 12, watau BSSID, wadda waya ke gani amma ba kasafai take nuna wa mai ita ba. Kamar motocin kamfanin sufuri ne: fenti ɗaya, suna ɗaya, amma kowace da lambarta da direbanta.

To, wa ke zaɓen motar da za a shiga? Bisa ƙa'idar 802.11, wadda aka fara fitarwa a 1997 kuma a kanta Wi-Fi ya ginu, wayar ce ko kwamfutar ke yanke wannan hukunci, kuma kowane kamfani da irin lissafin da ya sa wa kayansa. Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, inda -50 ke nufin sigina mai ƙarfi, -70 kuwa ta fara rauni. Tazarar da ke tsakaninsu ninki ɗari ce. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wata tasha sai siginar da take kai ta faɗi zuwa -70, sa'an nan ba za ta sauya ba sai ta sami wadda ta fi ta da maki 8 idan tana cikin aiki, ko 12 idan tana zaune haka nan. Ke nan baƙon da wayarsa ta kama tashar bakin ƙofa yana iya isa wurin biyan kuɗi a can ciki, wayar tana maƙale da ta farkon, domin a lissafinta siginar ba ta mutu ba tukuna.

A nan ƙasar akwai wani ƙarin dalili, wato wutar lantarki. Idan aka ɗauke wuta, tashoshin da ba su da batir suna mutuwa, sai dukkan wayoyi su ruga ga guda ɗayan da ke kan inbata. Da wuta ta dawo sauran za su farfaɗo, amma wayoyin da ba su da dalilin motsawa sai su ci gaba da cunkushewa a inda suke. Wanda ya sayi tashoshi uku ya bar biyu babu batir, a zahiri kuɗin uku ya biya yana cin moriyar ɗaya.

Har ila yau, tasha mafi ƙarfin sigina ba lallai ba ce ta fi sauri. Zangon gigahaz 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma layuka uku kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, watau 1 da 6 da 11. Tashoshi biyu na kusa da ke kan layi ɗaya dole su riƙa jiran juna. Zangon gigahaz 5 ya fi sarari, sai dai bai kai wancan nisa ba. Na'urar ƙarin zango kuma, wadda ke karɓa tana maimaitawa da rediyo guda, takan cinye kusan rabin saurin, alhali waya na nuna sigina cike.

Tun da yake ba a tilasta wa waya, abin da ya rage ga mai wuri shi ne ya gyara fili yadda zaɓinta zai yi kyau. Mutane da dama kan ƙure ƙarfin kowace tasha da zaton alheri ne, amma hakan ne ke hana waya sakin ta nesa. Rage ƙarfin yakan fi amfani. Ya kamata kalmar sirri da nau'in tsaro su zama iri ɗaya a duka, a kuma haɗa tashoshin da babbar rauta ta kebul inda zai yiwu. Wajen sayen kaya a tambayi dillali ko suna aiki da ƙa'idojin 802.11k da 802.11r na 2008 da kuma 802.11v na 2011, waɗanda ke sanar da waya tashoshin da ke maƙwabtaka, su gaggauta sauyawa, su kuma ba ta shawarar inda za ta koma. Shawara ce kawai. Tana iya ƙi. Game da kwamfutar kanta da na'urar POS mai aiki da Wi-Fi, waɗanda ba sa barin teburinsu, ya fi dacewa a ja musu kebul, ko a ware musu suna na daban a tashar da ke kusa da su.

Wannan warewa tana da wata fa'idar. Suna ba shaida ba ne, domin kowa na iya kunna Wi-Fi a wayarsa ya sa masa sunan otal ko shago. Idan tsarin na asali buɗaɗɗe ne babu kalmar sirri, wayar da ta taɓa hawansa tana iya kama na bogin da kanta, daga nan a nuna wa mai ita shafin ƙarya da ke neman lambar katinsa. Tsaron WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018 yana toshe wannan ƙofa, muddin kalmar sirrin ba ta yaɗu ba. Wadda aka rubuta a allo aka rataye wa baƙi kuwa, mai niyyar damfara ma ya karanta ta, saboda haka kada na'urar karɓar kuɗi ta hau kanta.