Na'urar da ake dasawa cikin jiki don rage ciwo mai tsanani: yaya take aiki?

Akwai ciwon da ke hana mutum barci wata da watanni, kamar na wasu masu cutar kansa ko waɗanda aka yi wa aikin ƙashin baya bai yi kyau ba. Idan ƙwayoyi sun gaza, ko illarsu ta yi yawa, likitoci a Turai da Amurka kan koma ga wani ɗan famfo da ake dasawa cikin jiki.

Na'urar faifai ce ta ƙarfe, faɗinta bai kai na tafin hannu ba. Ana yin tiyata a sa ta ƙarƙashin fatar ciki, sannan a ja wani siririn bututu zuwa baya, a shigar da shi cikin ruwan da ke kewaye da laka. Ta lakar nan saƙon ciwo yake bi ya isa ƙwaƙwalwa. Tun da maganin yana ɗiga daidai kan hanyar, kaɗan ya isa: ana ƙiyasta miligiram 1 na morfin a wurin ya yi aikin kusan miligiram 300 da aka haɗiya. Shi ya sa jiri, amai da taurin bayan gida kan ragu ga masu yawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1976 aka nuna a jikin ɓeraye cewa morfin na aiki kai tsaye a laka, a 1979 aka gwada a jikin mutane, a 1981 kuma aka dasa famfo wa mai cutar kansa a Amurka. Bayan morfin, ana amfani da zikonotid, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku, da baklofen don sanƙarewar tsoka.

Sai dai famfon ba ya warkar da cutar, ciwon kawai yake ragewa. Kafin a dasa shi, sai an yi allurar gwaji a ga ko jiki ya karɓa. Samfurin SynchroMed II na kamfanin Medtronic yana ɗaukar mililita 20 ko 40, kuma galibi duk wata 1 zuwa 3 ake komawa asibiti a cika shi da allura ta cikin fata. Batirinsa ba ya wuce shekara 7, daga nan sai sabuwar tiyata.

Haɗari ma akwai shi. Ƙwayoyin cuta na iya shiga har su kawo sanƙarau, bututun na iya lanƙwashewa ko toshewa. Idan allurar cikawa ta kuskure aka zuba maganin ƙarƙashin fata, numfashi na iya tsayawa. Don haka dole mai famfon ya kasance kusa da ƙwararru dare da rana.

A ƙasashe irin Nijar, matsalar ta fara tun daga matakin farko. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2021 sama da kashi 80 cikin 100 na morfin ɗin da aka raba a duniya ƙasashe masu arziki ne suka samu, alhali na sha ba shi da tsada. Wannan giɓi na cikin abin da ke tura masu jinya ga tramol na bakin titi. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya koma wurin likita ya nemi a sake duba maganinsa, kada ya ƙara wa kansa ƙwaya.